Sauya fitilun cikin silin zuwa LED

Sauya fitilun cikin silin zuwa LED aiki ne na cire tsofaffin ƙwayayen lantarki daga fitilun da ake cusawa cikin ramin silin, a maye gurbinsu da na LED. Irin waɗannan fitilu ba sa ratayowa ƙasa. Jikinsu yana ɓoye a saman silin, bakinsu kaɗai ake gani. Ana samun su a gidaje, ofisoshi, otal-otal, asibitoci da manyan shaguna. A Najeriya sun yaɗu tare da silin na POP, inda ake jera su a falo da ɗakunan kwana. Babbar manufar sauyin ita ce rage shan wuta da zafi, da kuma rage yawan hawa tsani don canza ƙwan da ya mutu.

Tarihi

Nick Holonyak ne ya ƙirƙiro LED mai jan haske a kamfanin General Electric na Amurka a shekarar 1962. Farin haske bai samu ba sai bayan da aka samar da LED mai shuɗin haske mai ƙarfi a Japan a farkon shekarun 1990. Idan aka lulluɓe shuɗin da wani sinadari mai fitar da ruwan ɗorawa, sai haɗin ya ba da fari. Wannan aiki ne ya sa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka samu kyautar Nobel ta fannin fiziks a 2014.

Dokoki ma sun hanzarta sauyin. Tarayyar Turai ta fara janye ƙwan zare daga kasuwa a 2009, sannan ta hana yawancin ƙwayayen halojin a 2016 da 2018. A Amurka, daga watan Agustan 2023 aka tsaurara dokar da ta hana sayar da ƙwan gida da bai kai lumen 45 a kowane wat ba.

Dalilan sauyawa

Ƙwan zare yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zuwa zafi, kuma yakan yi kimanin awa 1,000 kafin ya mutu. Halojin yakan kai awa 2,000 zuwa 4,000. LED mai inganci kuwa ana ƙiyasta masa awa 25,000 zuwa 50,000.

Ana auna yawan haske da lumen, shan wuta kuma da wat. Ƙwan zare mai wat 60 yana ba da kimanin lumen 800, hasken da LED mai wat 8 zuwa 10 yake bayarwa. A misali, falo mai fitilun halojin 10, kowace wat 50, idan suna kunne awa 5 a rana, za su sha kilowat-awa 912.5 a shekara. Idan aka sa LED mai wat 6 a madadinsu, adadin zai sauko zuwa 109.5. Ga mai amfani da janareta ko batirin sola, wannan ragi yana nufin ƙarancin mai da ƙarin awannin haske. A ginin da ke da na'urar sanyaya ɗaki, raguwar zafin fitilu tana sauƙaƙa wa na'urar aiki.

Hanyoyin sauyawa

Akwai hanyoyi uku. Ta farko ita ce canza ƙwan kawai, a bar tsohon gidan fitilar. Ita ce mafi arha, kuma tana yiwuwa ga ƙwayaye masu gindin E27 ko GU10, waɗanda ke shan wutar gida kai tsaye.

Ta biyu ita ce sa haɗaɗɗiyar fitilar LED mai zuwa da bakinta, a ɗaura ta a tsohon mazaunin ƙwai, sifirin ya riƙe ta cikin gwangwanin da ke silin. An fi yin haka a Amurka da Kanada, inda gwangwanayen ke da faɗin inci 4, 5 ko 6.

Ta uku ita ce cire tsohuwar fitilar gaba ɗaya, a sa siririyar fitila mai kama da faifai wadda ba ta buƙatar gwangwani. Tana zuwa da ƙaramin akwati da ake kira direba, wanda ke daidaita wutar da ke shiga LED. A ofisoshi, allon LED mai santimita 60 tsawo da faɗi, mai kimanin wat 36 zuwa 40, yana maye gurbin akwati mai dogayen ƙwayaye huɗu na wat 18.

Abubuwan lura

Kafin a sayi komai, ana auna faɗin ramin da zurfin sararin da ke saman silin. Ana kuma duba ƙarfin wutar: Najeriya tana amfani da bolt 230, Amurka kuwa 120, don haka fitilar da aka yi don Amurka kaɗai za ta iya ƙonewa a layin 230.

Ƙwan MR16 yana aiki da bolt 12 ta hanyar ƙaramar taransifoma. Wasu tsofaffin taransifomomi ba sa tashi sosai idan nauyin da ke kansu ya yi kaɗan, sai LED ya riƙa ƙyaftawa ko ya ƙi kamawa. Haka ma tsohon makunni mai rage haske yakan jawo ƙyaftawa da ƙara, sai an canza shi da wanda ya dace da LED, kuma ƙwan kansa ya zama mai karɓar ragi.

Launin haske ana auna shi da kelbin. Kelbin 2,700 zuwa 3,000 yana ba da haske mai ɗan ja-ja da ya dace da ɗakin kwana, 4,000 ya fi dacewa da ofis da ɗakin girki, 6,500 kuwa fari ne fat. A banɗaki ana zaɓar fitila mai alamar IP44 ko IP65 saboda tururi da ruwa.

Matsaloli

Duk da cewa LED ba ya zafi kamar halojin, zafin da ke taruwa a bayansa yana rage masa kwana, musamman a silin da ke ƙarƙashin rufin kwano a ƙasashe masu zafi. Sau da yawa direba ce ke fara lalacewa, saboda zafi ko hawa da saukar wuta. Fitilu masu arha kuma ba kullum suke kai wat da lumen ɗin da aka rubuta a kwalinsu ba. A haɗaɗɗiyar fitila, idan LED ya mutu, yawanci sai an canza ta baki ɗaya.

Ana kashe wuta daga babban makunni kafin a taɓa waya, aikin da ya shafi wayarin kuma na ƙwararren mai gyaran wuta ne. Dogayen ƙwayaye da na CFL da aka cire suna ɗauke da zaiba, wadda guba ce, saboda haka ba a fasa su ko a ƙone su cikin shara.