Ambaliyar saƙonnin kuskure a kundin Linux: ma'anarta da yadda ake gano tushenta

Kanel shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wanda ke shiga tsakanin na'ura da sauran manhajoji. Na Linux, wanda Linus Torvalds ya fara fitarwa a 1991, shi ne ke cikin wayoyin Android da rauta da yawa. Yana rubuta abin da ya gani a wani kundi, wanda ake karantawa da umarnin dmesg ko journalctl -k.

Idan hanyar sadarwa ta samu tangarɗa, saƙo ɗaya kan maimaitu ba ƙaƙƙautawa, har ya ture tsofaffin bayanai ko ya cika ma'ajiyar kwamfuta. Ga mai shagon intanet a Garo ko Gwarzo, wannan na iya tsayar da aiki ana tsaka da cike wa ɗalibai fom, musamman tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta baki ɗaya a 2015.

Saƙon farko shi ne abin nema, domin na bayansa galibi amsa-amo ne. Umarnin dmesg -T yana nuna lokacinsa, sai a tambayi abin da ya faru a daidai wannan minti.

Inda "Link is Down" da "Link is Up" ke musanya, kusan kullum laifin na waya ne ko soket: kan waya ya saki, ɓera ya ci, ko ƙurar hunturu ta shige. Idan kwamfutoci duka suka rubuta shi lokaci guda, a duba wuta, domin na'urar da ke haɗa su kan mutu ta farfaɗo yayin komawa janareta. Umarnin ethtool yana nuna halin layin, amma sauya waya ya fi sauri.

"nf_conntrack: table full" kuwa yana nufin teburin lissafin haɗuwa ya cika, ana zubar da saƙonni. Ana iya faɗaɗa shi da sysctl, sai dai a fara gano kwamfutar da ke cika shi, don wani lokaci manhajar ɓarna ce.

Kanel da kansa yana taƙaita wasu saƙonnin zuwa 10 a daƙiƙa 5, ya rubuta "callbacks suppressed". Wasu masu gyara kan rufe bakin kundin gaba ɗaya. Allo zai yi tsit, amma wayar da ta lalace tana nan yadda take.