Tsufan Al'umma da Ƙarancin Masu Jinya: Nazarin Inshorar Kula da Tsofaffi a Japan

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda Japan ta sauke nauyin jinyar tsofaffi daga kan iyali ta ɗora wa hukuma. Ta nuna cewa tsarin ya tara kuɗi, amma bai samar da isassun masu aikin ba.

Gabatarwa

A 2023, 'yan shekara 65 zuwa sama sun kai kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanen Japan. Haihuwa ta ja baya har matsakaicin abin da mace ke haifa ya sauka zuwa 1.20 a shekarar, ga kuma tsawon rai, domin mace kan kai shekara 87. Masu shekara ɗari su 153 ne kacal a 1963. A 2024 sun haura 95,000.

Daga Gadon Asibiti zuwa Inshora

A al'adar ƙasar, matar babban ɗa ke jinyar surukanta. Da gwamnati ta mayar da magani kyauta ga 'yan shekara 70 zuwa sama a 1973, sai iyalan da jinya ta gajiyar suka koma ajiye tsofaffinsu a asibiti wata da watanni, alhali abin da suke bukata mai wanka da ciyarwa ne. Gadaje suka cika, kuɗin lafiya ya hau.

Daga nan aka kafa dokar inshorar kula da tsofaffi a 1997, ta fara aiki a Afrilun 2000. Duk wanda ya kai shekara 40 yana biya, haraji kuma ya cike rabin asusun. Jami'i kan je har gida ya duba ko tsoho na iya tashi daga shimfiɗa, ya kewaya, ya kai loma bakinsa. Amsar ita ke tantance matakinsa cikin bakwai, da irin taimakon da zai samu. Galibi kashi 10 kawai yake biya daga aljihunsa.

Inda Gizo ke Saƙa

A ganin wannan nazari, dokar ta yi abin a yaba, domin ta 'yanta mata da yawa. Sai dai albashin masu jinya bai kai na sauran ma'aikata ba, matasa kuma sun yi ƙaranci. An ɗauko ma'aikata daga Indunusiya tun 2008, Filifin 2009, Biyetnam 2014, amma jarrabawa cikin Japananci ta zame wa da yawa shinge. Har yanzu kimanin mutum 100,000 ke barin aiki kowace shekara don jinyar danginsu. Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne tsoho na jinyar tsoho: ɗan shekara tamanin ya cicciɓi matarsa da tsakar dare, shi ma gwiwarsa na rawa.

Zuwa 2025 duk waɗanda aka haifa tsakanin 1947 da 1949, lokacin da haihuwa ta fi yawa, sun cika shekara 75. Muddin ba a ƙara albashin masu jinya aka kuma sassauta wa baƙin ma'aikata ba, inshorar za ta ci gaba da alkawarin kulawar da babu mai yin ta.