AMSOSHIN TAKARDUNKU: Fadamar Puwatu Da Kangon Mayeze A Ƙasar Faransa

Wani mai sauraronmu, manomin shinkafa daga yankin Kura ta Jihar Kano, ya aiko mana da takarda yana cewa ɗansa da ke karatu a Faransa ya turo masa hotunan wani wuri da suka je yawo. Ya ce ya ga Turawa, har da tsofaffi tukuf, kowa da 'yar jaka a baya, suna tafe a ƙasa a tsakiyar gonaki, ga hanyar ruwa a gefensu miƙe sambal kamar an ja ta da igiya, can gaba kuma ga wani ƙaton kango na dutse ba rufi. Yaron ya rubuta masa sunan wurin, Maillezais. Tambayarsa ita ce, me waɗannan mutane suke nema, wa ya haƙa hanyoyin ruwan, kuma kangon na mene ne?

To Malam, mun gode. Bari mu fara da mai sauƙin. Waɗannan mutane ba ɓatan kai suka yi ba, ba kuma kuɗin mota suka rasa ba. Al'ada ce ta mutanen can, musamman ma'aikatan ofis da waɗanda suka yi ritaya, su fita ƙauye ran hutu su yi tafiyar sa'a biyu ko uku a ƙasa domin motsa jini da shan iska. Tun shekarar 1947 aka fara shata musu hanyoyi a Faransa, ana shafa fenti a jikin itace ko dutse don kada baƙo ya ɓace: ja da fari na doguwar tafiya ne, ruwan ɗorawa kuma na gajeriya wadda za a je a dawo a yini. Wurin da ɗanka ya je kuwa tsofaffi na son sa ne saboda ba hawa ba gangara, ƙasa ce shimfiɗe kamar faifai. Na san manomin da ya yini a duƙe zai yi dariya ya ce wahala ce ba ta ishe su ba. Haka ne, amma kowa da abin da jikinsa ya rasa.

Sauran tambayoyin biyu su ne masu tarihi, kuma amsarsu ɗaya ce.

Sunan nan Maillezais, a bakin Faransawa Mayeze ake cewa. Ƙauye ne a yammacin ƙasar, wajen kilomita 400 daga birnin Paris, tsakanin garin Niort da tashar jiragen ruwa ta La Rochelle. Yana cikin wata makekiyar fadama da ake kira Fadamar Puwatu, mai faɗin hekta wajen 100,000, watau eka kusan 250,000. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, a zamanin da duk wannan fili teku ne. Wani lungu ne na Tekun Atalantika da ya kutso cikin ƙasa, sa'an nan laka ta yi ta taruwa a hankali, daga teku da kuma daga kogin Sevre da 'yan'uwansa, har wurin ya zama ba ruwa ba tudu, sai taɓo da sauro da zazzaɓi. 'Yan tuddan da ƙauyuka suke zaune a kai yau, har da Mayeze, tsibirai ne a wancan lokaci.

A kan irin waɗannan tsibirai ne 'yan zuhudu na addinin Kirista suka kafa gidajensu. Su dai mutane ne da suka bar aure da tara abin duniya na ƙashin kansu, suka taru a gida ɗaya ƙarƙashin shugaba ɗaya, suna ibada da karatu da aiki. Gidan Mayeze, wata matar sarkin yankin mai suna Emma ce ta assasa shi a ƙarshen ƙarni na 10 na Miladiyya, ɗanta Wiliyam na Biyar kuma ya maido shi inda kangon yake yanzu, a can ma ya ƙare rayuwarsa a shekarar 1030. Kada ka ji an ce 'yan zuhudu ka zaci matalauta ne. Mutum ɗaya ba shi da ko anini, amma gidan kansa yana da filaye da talakawa da haraji kamar kowane basarake, domin sarakuna sun yi ta ba su kyautar ƙasa. Sau da yawa kuwa ƙasar da ake ba su ita ce wadda ba mai so, watau taɓon nan.

A shekarar 1217 hakimin wani wuri da ake kira Chaillé ya ba gidajen zuhudu biyar izini su haɗa ƙarfi su haƙa babbar magudana da za ta kwashe ruwa zuwa teku. Mayeze na cikin biyar ɗin. Har gobe sunan wannan magudana Hanyar Ruwan Shugabanni Biyar, kuma har yanzu tana aiki, shekara 800 da 'yan kai ke nan. Sunan shugabanni ne ya shiga littafi, amma waɗanda suka tsaya cikin laka suka yi haƙan da shebur da kwando, yawancinsu talakawan da ke zaune a filayen gidajen ne, ba wanda ya rubuta sunansu. Wannan kuwa ba a Faransa kaɗai aka saba yin haka ba.

Ga yadda dabarar take, na kuma san manomin rani zai gane ta nan da nan. Da farko sai a kewaye filin da ake so da jinga biyu. Ɗaya ta fuskar teku, don ta hana ruwan gishiri shigowa, ɗaya kuma ta fuskar tudu, don ta tare ambaliyar koguna. Sa'an nan a tsattsaga cikin filin da ƙananan lambatu, su zuba a manya, manyan su nufi teku. A bakin tekun ne gwanintar take. Teku dai takan cika ta janye sau biyu a kowace rana. Sai suka kafa ƙyamare na katako masu buɗewa waje kawai. In teku ta cika, nauyin ruwanta ne zai tura ƙyamaren su rufe gam. In ta janye, ruwan gona ya tura su su buɗe ya fice abinsa. Ba inji, ba mai, ba mai gadi. Da haka taɓo ya zama gonar alkama da makiyayar shanu, gidajen zuhudu kuma suka ƙara arziki, har a shekarar 1317 Paparoma ya ɗaga darajar Mayeze ta zama mazaunin bishop.

Amma fa akwai inda gizo ke saƙar. Ruwan kogin da jinga ta tare, ina ya tafi? Ai bai ɓace ba. Baya ya koma ya kwanta a kan filayen da ke wajen jingar. Tun daga nan fadamar ta rabu gida biyu, kuma har yau haka sunayensu suke: busasshiyar fadama, wadda ke cikin jinga, da jiƙaƙƙiyar fadama, wadda aka bari da gangan ta riƙa shanye ambaliya duk lokacin sanyi domin ta cikin ta zauna lafiya. Masu ƙarfi suna ciki, marasa ƙarfi suna waje. Ba abin mamaki ba ne da aka yi ta samun rigima a kan jingar nan, na waje suna son a buɗe ruwa ya wuce, na ciki suna tsaronta kamar ganuwa. Da rani kuma sai maganar ta juye, kowa na son ɗan ruwan da ya rage. Mutanen Hadeja da Nguru, waɗanda suka ga yadda kwanciyar ruwa ta sauya musu bayan an gina madatsar Tiga a 1974, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Aikin jinga kuwa ba a gama shi a huta. Shekara biyu in ba a yashe lambatu ba, an koma gidan jiya. Haka ta faru da yaƙi ya zo. Yaƙin Faransa da Ingila wanda aka yi ta gwabzawa daga 1337 zuwa 1453, da kuma yaƙin basasa tsakanin Katolika da Furotesta daga 1562 zuwa 1598, sun sa an yi watsi da gyara, ruwa ya ƙwace yawancin abin da aka ƙwata daga hannunsa. A wannan yaƙi na biyu ne aka ragargaza majami'ar Mayeze. A 1589 wani jarumin Furotesta, Agrippa d'Aubigné, ya kama wurin ya mai da shi sansanin soja, ya riƙe shi shekara 30.

Da ƙura ta lafa, Sarki Hanri na Huɗu ya ga ba shi da kuɗi ba shi da gwanaye, sai a 1599 ya ɗauko wani injiniya daga ƙasar Holan, Humphrey Bradley, ya naɗa shi sarkin jinga na ƙasa baki ɗaya. Mutanen Holan dai su ne uwa-uba a wannan sana'a, tun da rabin ƙasarsu da teku suke kokawa a kanta. Aikin bai kankama sosai a Puwatu ba sai a shekarun 1640, kuma wannan karon ba 'yan zuhudu ba ne a gaba, attajirai ne suka zuba jari suka ɗauki ƙasa a madadin kuɗinsu. Su ne suka kafa ƙungiyoyin masu filaye, inda kowa ke biyan kuɗin gyaran jinga gwargwadon faɗin gonarsa. A ganina wannan tsari ya fi magudanar kanta muhimmanci, domin shi ya sa aikin bai sake rushewa ba, kuma irin waɗannan ƙungiyoyi suna nan har yau.

Shi kuwa gidan Mayeze, tauraronsa ya riga ya faɗi. A 1648 aka mai da kujerar bishop La Rochelle. Bayan juyin juya halin Faransa, a 1791 gwamnati ta sayar da ginin, wanda ya saya kuma ya mai da shi wurin fasa dutse, yana ɓamɓarar bango yana sayar wa masu gini. Abin da ya tsira shi ne ka gani a hoto: dogon bango guda mai manyan tagogi, da hasumiyoyi, da ɗakunan ajiya na ƙarƙashin ƙasa.

Mu koma wurin mutanen jiƙaƙƙiyar fadama, domin su ne suka fi burge ni. Da suka ga ruwa ya zama maƙwabcinsu na dole, sai suka koyi zama da shi. Suka haƙa 'yan ƙananan hanyoyin ruwa barkatai, ƙasar da suka tono suka ɗaga gonakinsu da ita. Suka dasa itatuwa a gaɓa don saiwa ta riƙe ƙasa, suna sassabe kawunansu bayan 'yan shekaru su sami itacen girki ba tare da sun kashe bishiyar ba. Laka da ambaliya ke bari ta zame musu taki, suna noma farin wake da kayan lambu, suna kamun wani kifi mai kama da maciji. Komai a kwale-kwale ake yi, hatta saniya a jirgi ake kai ta kiwo. Akwai kuma makiyayu na gari duka, waɗanda asalinsu tun zamanin 'yan zuhudu ne, har yanzu a wasu ƙauyuka in watan Afrilu ya kama sai a buɗe su, kowa ya kawo shanunsa da dawakinsa ya biya kuɗi a kan kowane kai. Yau in an haɗa hanyoyin ruwan fadamar duka, tsawonsu ya haura kilomita 8,000. Abin dariya, wannan ɓangare da aka raina shi ne yanzu baƙi ke tururuwar zuwa gani, jikokin masu kai saniya a jirgi su ne ke tuƙa masu yawon buɗe ido suna karɓar kuɗi. Har wani wasa suke yi musu: matuƙi ya dama lakar ƙasa da sandarsa, iskar ruɓaɓɓen ganye ta taso, ya ƙyasta ashana, sai ka ga wuta na ci a kan ruwa.

Kada mai sauraro ya ɗauka rigimar ruwa ta zama tarihi. Da manyan motocin noma da famfunan ban ruwa suka zo, sai aka shiga kifar da makiyayu ana shuka masara da alkama. A 1973 makiyayun fadamar sun kai hekta wajen 55,000, amma zuwa 1990 ba su kai 27,000 ba. Masara kuwa da rani take shan ruwa, lokacin da koguna suka ja baya. Abin ya kai gwamnati ta janye wa yankin lambar gandun da ake kiyayewa a 1996, kotun Tarayyar Turai ta kama Faransa da laifin sakaci a 1999, lambar ba ta dawo ba sai 2014.

Maganin da manyan manoma suka kawo shi ne a haƙa manya-manyan tafkuna a kan tudu, a shimfiɗa musu leda, a zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa da sanyi a adana don rani. Su suna cewa ruwan da zai tafi teku a banza ne suke tarewa. Ƙananan manoma da masu kare muhalli kuma suka ce a'a, ruwan kowa ne ake tara wa mutum kaɗan, da kuɗin gwamnati kuma. Ranar 25 ga Maris 2023 dubban mutane suka yi zanga-zanga a bakin ɗaya daga tafkunan, a ƙauyen Sainte-Soline da ke tudu sama da fadamar, aka yi arangama da jandarmomi, mutane da yawa suka ji rauni a ɓangarorin biyu, wasu har suka yi kwanaki ba su san inda kansu yake ba. A watan Disamba 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara a Bordeaux ta ce izinin huɗu daga tafkunan, har da na Sainte-Soline, bai cika ƙa'ida ba, dalili kuwa shi ne ba a yi tanadin kare wani tsuntsu dangin tuji da ke ƙwai a filayen ba.

Da fatan Malam ya gamsu, a kuma gaishe mana da ɗalibi in an yi waya.