Zuriya a Cikin Ƙanƙara

A shekarar 1866, shekarar da Italiya ta gwabza yaƙi da Ostiriya, wani likita mai koyarwa a jami'ar Pavia, Paolo Mantegazza, ya kawo shawarar da ta fi ƙarfin zamaninsa. Ya lura maniyyin ɗan Adam yana iya jure sanyin da ya kai digiri 15 ƙasa da sifili. Sai ya ce, ke nan wata rana sojan da za shi fagen fama zai iya barin irinsa a ajiye a gida, in ya kwanta dama matarsa ta haifa masa magaji na halak. Shi kansa bai iya aiwatar da hakan ba. Sai da aka shafe shekara 87 kafin wata mace ta ɗauki ciki da maniyyin da aka daskarar. Tambayar da ke cikin shawarar tasa kuwa, ɗan wane ne yaron da aka ɗauki cikinsa bayan uban ya shiga kabari, har yau alƙalai da malamai suna kanta.

Magana ce mai nauyi a bakin Bahaushe. To amma littattafan fiƙihu sun kira maniyyi da sunansa tun a babin tsarki, don haka mu ma za mu kira shi da sunansa.

Wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, shi ya fara bayyana ƙwayoyin maniyyi a 1677, bayan ya hango su suna iyo a cikin madubin ƙara girma da ya ƙera da hannunsa. Bayan kusan shekara ɗari, a 1776, wani limamin coci ɗan Italiya, Lazzaro Spallanzani, ya sa maniyyi a dusar ƙanƙara. Ƙwayoyin suka sandare kamar sun mutu, da ya ɗumama su sai suka ci gaba da motsi. Abin dariya, Spallanzani bai yarda waɗannan ƙwayoyi ne ke sa ciki ba. A ganinsa wasu tsutsotsi ne kawai da ke zaune a cikin ruwan.

Sanyaya abu daban, daskarar da shi daban, kuma a nan masana suka maƙale fiye da ƙarni ɗaya da rabi. Mafi yawan abin da ke cikin ƙwayar halitta ruwa ne. In ya daskare sai ya zama tsinin ƙanƙara ya yayyaga ta daga ciki. Ɗan ruwan da ya saura kuma gishirinsa ya yi kauri har ya zama guba. Duk wanda ya gwada, gawa yake narkarwa, sai 'yan tsirarun da suka tsira.

Kuskure ne ya kawo mafita. A 1949, a cibiyar binciken lafiya ta Mill Hill da ke Landan, masana uku, Christopher Polge da Audrey Smith da Alan Parkes, suna ta fama da maniyyin zakara. Suna gauraya shi da ruwan wani nau'in sukari kafin su daskarar, ba su ga abin kirki ba har suka jingine aikin na wasu watanni. Da suka dawo suka ɗauko tsohuwar kwalba daga firji, sai ga ƙwayoyi sun farka suna iyo kamar ba su taɓa ganin sanyi ba. Suka haɗa sabon ruwan sukari, bai yi komai ba. Suka kai ɗan ragowar tsohuwar kwalbar wa masanin sinadarai, ya auna ya ce babu sukari a ciki ko kaɗan, giliserin ne da farin ƙwai, haɗin da ake manna yankan nama da shi a jikin gilashi don dubawa. Ashe takardun da aka lilliƙa wa kwalaben ne suka rikice. Tsuntsu daga sama gasasshe, sai dai a yaba musu da ba su zubar da kwalbar ba, suka bi diddiginta. Giliserin yana ratsawa cikin ƙwayar ya hana ƙanƙara yin tsini, ya kuma tsarma gishirin. Polge yana ɗan shekara 23 a lokacin.

Shanu suka fara cin moriya. A farkon shekarun 1950 aka soma haihuwar 'yan maruƙa da daskararren maniyyin bijimi, kuma masu kiwo suka rungumi abin hannu bibbiyu, tunda bijimi ɗaya nagari zai iya barbarar dubban shanu a ƙasashen da bai taɓa takawa ba, har bayan an ci namansa. Da wannan dabara ake aiki a cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya wajen inganta irin shanu. Kan saniya babu wanda ya ɗaga murya. Ɗan maraƙi ba ya cin gado.

A jami'ar Iowa ta Amurka aka tsallaka zuwa mutum. Wani ɗalibi mai neman digirin digirgir, Jerome Sherman, ya gano yadda za a sa giliserin kashi goma cikin ɗari a daskarar da maniyyi sannu a hankali da busasshiyar ƙanƙara. Ya haɗa kai da likitan mafitsara Raymond Bunge. A 1953 suka ba da sanarwar mata uku sun ɗauki ciki, a 1954 suka sanar an haihu lafiya. An ɓoye sunayen iyalan, kuma ba a yi wa likitocin guɗa ba, domin tun a 1949 Fafaroma Pius na 12 ya yi tir da sanya wa mace maniyyi ta hanyar likita. Daga baya Sherman ya koma ga ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. A wannan sanyi komai na cikin ƙwayar yana tsayawa cak, ba ta ci, ba ta tsufa.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Bankunan maniyyi na kasuwanci suka buɗe a Amurka a farkon shekarun 1970. A Faransa Georges David ya kafa cibiyar CECOS a 1973. Ƙanjamau ya zo a shekarun 1980 ya sa ajiya ta zama dole ga maniyyin da wani ya bayar, a riƙe shi wata shida a sake gwada jinin mai shi. A 1992 likitoci a Brussels suka nuna ana iya ɗaukar ƙwaya ɗaya tak a cusa ta cikin ƙwan mace da allura. Wannan ya sauya lissafi, domin ko da rabin ƙwayoyin sun mutu wajen narkewa, abin da ya rage ya wadatar.

Wanda ya fi kowa buƙatar wannan ajiya shi ne saurayin da aka ce yana da ciwon daji. Magungunan da ke kashe cutar, da gashin da ake yi da haske, sukan kashe masana'antar maniyyi tare da ita, wani lokaci har abada. A 1979 aka ajiye wa wani yaro ɗan shekara 17 a Manchester kafin a fara masa maganin dajin maraina. Ya warke, ya girma, ya yi aure. Bayan shekara 21 aka narkar da ajiyarsa, matarsa ta haifi namiji a 2002. A nan maganar ta zo ƙofar gidanmu. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan haihuwar masu sikila, kuma magungunan da ake bai wa mutum kafin dashen ɓargo suna iya hana shi haihuwa. A ganina likitan da ya tura saurayi wannan aiki bai faɗa masa akwai hanyar ajiya ba, ya rage masa haƙƙi, ko da kunya ce ta hana shi.

Muddin mai ajiyar yana raye babu rigima sosai. In ya mutu ne ake komawa ga tambayar Mantegazza. Wani Bafaranshe, Alain Parpalaix, ya ajiye maniyyinsa a CECOS a 1981 saboda ciwon daji, ya mutu a Disamban 1983, kwana biyu bayan ɗaurin aurensa. Matarsa Corinne ta nemi ajiyar, cibiyar ta hana. A 1984 kotun Créteil ta ce a ba ta. Aka ba ta, cikin bai shiga ba, kuma bayan shekara goma Faransa ta haramta abin da doka. A Ingila, mijin Diane Blood ya mutu da sanƙarau a 1995, an ɗebi maniyyinsa yana a sume, bai sa hannu a takarda ba. Hukuma ta hana ta amfani da shi, kotun ɗaukaka ƙara ta buɗe mata hanyar kai shi Beljiyam a 1997. Ta haifi ɗa a 1998, ta ƙara wani a 2002, amma sai da aka sauya doka a 2003 kafin sunan uban ya hau takardar haihuwarsu.

Malaman Sunna sun tsaya ne a kan igiyar aure. Fatawar Muftin Masar, Jadul Haƙ Ali Jadul Haƙ, ta 1980, da ƙudurin majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a Amman a 1986, sun halasta taimakon likita tsakanin miji da matarsa, sun haramta shigowar na uku saboda kare nasaba. Mafi yawansu sun ce mutuwa ta yanke aure, don haka ajiyar mamaci ba ta halasta ga matarsa. Mai karatu zai iya tuna kwantacce, cikin da Malikawa suka yarda yana iya daɗewa shekara huɗu ko biyar a jingina shi ga tsohon miji. Kamar sun yi kama, amma shi kwantacce an ɗauka ya shiga tun auren yana nan.

Da wannan ma'auni malaman Falasɗinu suka amince wa matan fursunoni masu dogon ɗauri a gidajen yarin Isra'ila. Miji yana raye, aure yana nan, katanga ce kawai ta raba. Ana fito da maniyyin a ɓoye, a daskarar a asibiti, dangin miji da na mata su shaida. A Nablus aka haifi yaro na farko ta wannan hanya, a watan Agustan 2012.

Sojan Mantegazza kuma ya bayyana a Yukren. Tun da Rasha ta kutsa ƙasar a 2022, sojoji ke bi ta asibiti su bar ajiya kafin su wuce bakin daga. Dokar farko da majalisarsu ta yi a ƙarshen 2023 ta ce a zubar da ajiyar in sojan ya mutu. Matan sojoji da lauyoyi suka yi ca, a farkon 2024 majalisar ta gyara: gwamnati za ta ci gaba da biyan kuɗin ajiyar har shekara uku bayan rasuwarsa.