ƊAN HARAFIN DA KE JIKIN KWABO MAI HUJI

Kwana biyu ina ta ganin ana yawo da hotunan tsofaffin kuɗi a Facebook, wai duk mai kwabo mai huji ya zama miloniya. Jama'a a bi a hankali. Tsufa kaɗai ba ya sa kwabo tsada. Abin da masu tara tsofaffin kuɗi ke bi shi ne ƙarancin abu da lafiyarsa, kuma sau da yawa ɗan harafi guda, wanda bai kai ƙwayar gero ba, shi ke raba gardama.

Bari mu koma baya kaɗan. A 1907 Turawan mulkin mallaka suka fara kawo mana kwabo da anini don su ture kuɗin wuri. Aninin farko da alminiyam aka yi shi, bai jure ba, a 1908 aka sauya ƙarfen. A 1912 aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma, mai kula da Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, sai kuma a 1913 taro da sisi da sule da fataka na azurfa suka fito. Duk a waje ake buga su, a yo jigilarsu ta jirgin ruwa.

To a nan harafin ya shigo. Ma'aikatar buga kuɗi ta gwamnati da ke Landan ba ta iya aikin ita kaɗai, sai ta riƙa ba da kwangila. Kuɗin da ta buga da kanta ba ta sa masa alama. Wanda ka ga H a jikinsa, kamfanin Heaton na birnin Birmingham ne ya buga. KN kuma kamfanin King's Norton ne, shi ma a Birmingham ɗin. SA na nufin Pretoria ta Afirka ta Kudu, kamar yadda ake gani a wasu kwabban 1947. A kwabo, duba kusa da hujin. A sule, duba gindin bishiyar kwakwar manja.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne G. Bayan yaƙin duniya na farko azurfa ta yi tsada, sai a 1920 aka koma yin sule da farin tagulla mai ruwan ɗorawa. Cikin waɗanda suka taɓa aikin har da J.R. Gaunt, kamfanin da aka fi sani da yin maɓallan kayan soja da lambobin yabo. Kaɗan suka buga. Shi ya sa sulen 1920 mai G yake da wuyar samu, alhali ɗan'uwansa mai KN, shekara ɗaya, hoto ɗaya, ba a cika damuwa da shi ba.

Ga kuma inda ake yi wa mutane romon baka. Sarki Edward na Takwas ya hau gadon Ingila a Janairun 1936, ya yi murabus a Disamba saboda zai auri wata bazawara 'yar Amurka. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba, amma a nan an saki, domin kwabonmu huji ne a tsakiya, ba ya buƙatar hoton sarki, suna kawai ake rubutawa. Sai wani ya ce maka ai sarkin ko shekara bai yi ba, don haka kwabonsa dukiya ce. Ina! Miliyoyi aka buga, da marar alama da mai H da mai KN, kuma har gobe arha gare su. Mai wuyar samu a cikinsu shi ne na kuskure: wani kwabon 1936 mai H da aka haɗa fuskarsa ɗaya da ta kuɗin Afirka ta Gabas.

Kuma duk inda harafi ya yi daraja, 'yan damfara na nan. A Amurka, kuɗin senti 10 na 1916 mai D, wanda aka buga a Denver, guda 264,000 ne kacal, alhali marar alama ya haura miliyan 22. Me ya biyo baya? Mutane suka dinga liƙa D a kan marar alamar suna sayarwa. Don haka mai saye na gaske ba ya yarda da hoton waya, sai an sa madubin ƙara girma an ga harafin tare aka buge shi da kuɗin, ba ɗora shi aka yi ba.

Shawarata ga mai irin kuɗin nan a adakar kakarsa guda uku ce. Kar ka goge shi da toka ko lemun tsami don ya yi ƙyalli, gugar tana cinye harafin, ta karya darajar. Ka rubuta shekara da harafin kowanne kafin ka nuna wa kowa. Sannan duk wanda ya ce ka turo kuɗin rajista kafin ya haɗa ka da Bature mai saye, wallahi ɓarawo ne.

Mafi yawan abin da za ka samu ba zai saya maka ko buhun shinkafa ba, gaskiya kenan. Amma ni ban ga dalilin zuba shi a buhun 'yan gwangwan ba. Da kuɗin nan kakanninmu suka biya haraji da jangali, da shi aka sayi gyaɗarsu da audugarsu, har zuwa 1959 da Babban Bankin Najeriya ya fito da namu. Ku ajiye, ku nuna wa yara rubutun Larabcin da ke jiki, ku faɗa musu inda aka buga shi.

Mai sulen 1920 a gida ya duba gindin bishiyar nan, ya faɗa mana harafin da ya gani. Allah Ya tsare mu da sharrin macuta.