Zaɓen manhaja mai sauƙin nauyi domin tsohuwar kwamfuta

A ranar 14 ga watan Oktoban 2025 ne kamfanin Microsoft ya dakatar da aika gyare-gyaren tsaro na yau da kullum ga manhajar Windows 10, sai ga waɗanda suka shiga wani shiri na ƙarin wa'adi, wanda kamfanin ya tsara wa masu amfani na gida zuwa watan Oktoban 2026.

Kafin nan kamfanin ya janye hannunsa daga Windows XP a shekarar 2014, da kuma Windows 7 a shekarar 2020.

Matakin ya shafi ƙasashe irin su Najeriya da Nijar da Ghana kai tsaye, inda da dama daga cikin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da malamai da ƙananan 'yan kasuwa na gwanjo ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, ake sayar da su a kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja a Legas.

Windows 11, wadda ta gaji Windows 10, tana buƙatar aƙalla gigabayit 4 na ma'adanar wucin-gadi da ake kira RAM, da gigabayit 64 na wurin ajiya, da kuma wata na'urar tsaro mai suna TPM 2.0. Akasarin kwamfutocin da aka ƙera kafin shekarar 2018 ba sa cikin jerin waɗanda kamfanin ya amince a ɗora musu ita.

Kwamfutar da aka daina aiko mata gyaran tsaro ba ta daina aiki. Sai dai duk wata ɓaraka da masu kutse suka gano a cikinta haka za ta zauna a buɗe, kuma haɗari ne babba ga mai shiga asusun ajiyarsa na banki da ita.

Mece ce mafita?

Mafitar da aka fi bi ita ce sauya babbar manhajar da ke gudanar da kwamfutar da wata wadda ba ta cin ƙarfinta sosai. Galibin irin waɗannan an gina su ne a kan Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a shekarar 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. Kyauta ake samunsu, kuma ba laifi ba ne a kwafa a ba wani.

Da yake kowa na da izinin ɗaukar Linux ya sake masa fasali, nau'o'insa sun kai ɗaruruwa, abin da kan rikita sabon shiga. Amma abubuwa biyu ne kawai ke tantance wanda ya dace da kowace kwamfuta: yawan RAM ɗinta, da kuma irin ƙwaƙwalwarta, wato furosesa, ko mai bit 64 ce ko mai bit 32.

Kwamfuta mai RAM gigabayit 4 ba ta tsufa kamar yadda mai ita ke zato ba. Linux Mint mai fuskar Xfce, ko kuma Xubuntu, za su tafi a kanta ba tare da wahala ba. Mint ta fi dacewa da wanda ya saba da Windows, domin jerin manhajojinta na fitowa ne daga kusurwar hagu ta ƙasa kamar yadda ya saba gani.

Mai gigabayit 2 kuwa, Lubuntu ta fi sauƙi a kanta. Ita da Xubuntu duk rassa ne na Ubuntu, wadda kamfanin Canonical na attajirin Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya fara fitarwa a shekarar 2004. Bambancinsu a fuska ne kawai, wato tagogi da gumakan da ake gani a allo, kuma a nan ne ake rage nauyin.

Idan RAM ɗin gigabayit 1 ne ko ƙasa da haka, sai a koma ga irin su antiX, wadda masu shirya ta suka ce tana iya tashi a kan kwamfuta mai megabayit 256, ko kuma Puppy Linux da Barry Kauler ɗan ƙasar Ostareliya ya ƙirƙira a shekarar 2003. Puppy takan kwashe kanta gaba ɗaya ta zuba cikin RAM, don haka tana iya aiki ko da rumbun ajiyar kwamfutar ya lalace. Sai dai fuskarsu ba ta da ƙawa, kuma suna buƙatar ɗan haƙuri kafin a saba.

Matsalar bit 32

Masu ƙananan kwamfutocin nan na tafi-da-gidanka da suka yi tashe wajajen 2008 da 2009, masu furosesa Intel Atom N270, su ne suka fi shiga tsaka mai wuya, domin bit 32 kawai suke ɗauka.

Linux Mint ta daina fitar da babban nau'inta na bit 32 tun daga fitowa ta 20 a shekarar 2020, Lubuntu ma ta bari tun kafin nan. Debian, wadda ta daɗe tana riƙe da su, ba ta samar musu da manhajar ɗorawa ba a fitowarta ta 13 cikin watan Agustan 2025. Google ma ya janye burauzarsa ta Chrome daga Linux mai bit 32 tun a shekarar 2016.

Irin wannan kwamfuta za ta ci gaba da amfani wajen buga takardu, ko karatun littattafai, ko sauraron karatun Alƙur'ani da aka riga aka adana a cikinta, amma ba ta dace da harkar banki ba.

Ya kamata a lura cewa kwamfutoci da yawa da aka sayo da Windows mai bit 32 a kansu, furosesarsu mai bit 64 ce. Duk mai ɗauke da Core 2 Duo, wadda ta fito a 2006, tana cikin wannan rukuni.

Inda nauyin yake

Abin da ba a cika gaya wa mutane ba shi ne, manhaja mai sauƙi ba ta sa intanet ya yi sauƙi. Shafukan Facebook da YouTube da Gmail nauyinsu ɗaya ne ko a kan Windows ko a kan Linux, kuma burauza mai shafuka biyar ko shida a buɗe tana iya cinye RAM fiye da manhajar kwamfutar kanta. Wanda ke da gigabayit 1 zai ga kwamfutarsa ta tashi da sauri, amma da zarar ya buɗe bidiyo sai ta koma tafiyar hawainiya.

Saboda haka, ga wanda ke da 'yan kuɗi, ƙara RAM da sauya tsohon rumbun ajiya mai juyawa da na zamani da ake kira SSD kan kawo sauyin da ya zarce na kowace manhaja. Mafi yawan kwamfutocin tafi-da-gidanka na wancan zamani, ƙusoshi kaɗan ake kwancewa a yi wannan aiki.

Akwai kuma ChromeOS Flex da Google ya fitar a 2022 domin tsofaffin kwamfutoci. Tana da sauri, amma tana neman RAM gigabayit 4 da furosesa mai bit 64, kuma kusan dukkan aikinta a kan intanet yake. A wurin da data ke da tsada ko sabis ke yankewa, wannan ba ƙaramin cikas ba ne.

Abin da za a rasa

Microsoft Office na kwamfuta da CorelDRAW da Photoshop ba a yi su domin Linux ba. LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel, kuma ta wadatar da ɗalibi mai rubuta kundin kammala karatu, ko da yake tsarin shafi kan ɗan gurɓace a takardun da ke da teburori masu yawa. Amma mai shagon buga katin biki da kalanda, wanda abincinsa ke kan CorelDRAW, sauyin ba zai yi masa daɗi ba.

Ta fuskar harshe kuwa babu damuwa. Linux na zuwa da tsarin madannai na Hausa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, da kuma na Larabci, kuma ana iya sauyawa daga wannan zuwa wancan.

Gwaji kafin ɗorawa

Kusan dukkan waɗannan manhajoji ana iya gwada su daga filash ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Ana sauko da manhajar daga shafinta na asali, a rubuta ta a kan filash da Rufus ko balenaEtcher, sannan a kunna kwamfutar daga filash ɗin.

A lokacin gwajin ne ake duba ko Wi-Fi da sauti da firinta suna aiki. Wasu tsofaffin kwamfutocin HP da Dell masu na'urar Wi-Fi ta Broadcom sai an haɗa su da wayar intanet ko wayar salula tukuna, a sauko da ƙarin manhaja, kafin su kama.

Ɗorawar kan iya goge duk abin da ke rumbun ajiya, don haka wajibi ne a kwashe hotuna da takardu zuwa wani wuri kafin a fara. Haka kuma a tabbatar batir ya cika ko janareta na aiki, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya barin kwamfutar babu tsohuwar manhajar, babu sabuwar.