Tsaka-tsakin wa? Kalmomin Ingilishi da ɗalibin ƙasar Ƙonni a gaban jarrabawar GRE

Littattafan shirya jarrabawar GRE, wadda jami'o'in Amurka da yawa suka daɗe suna nema ga mai son shiga digiri na biyu ko na uku, sukan kasa kalmomin Ingilishi kashi uku: masu sauƙi, na tsaka-tsaki, da masu wuya. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa wannan tsani bai dace da ɗalibin da ya tashi a Tsarnawa ko Malbaza ko Illela, ya kuma yi karatunsa da Faransanci ba. Abin da littattafan ke kira mai wuya, sau da yawa ya san shi tun yana lise. Abin da suke kira tsaka-tsaki shi ne ke kayar da shi. Dalilin haka yana cikin tarihi, na nan gida da na Ingila. Za mu riƙa cewa Ingilishi, domin a bakin mutanen Nijar da yawa "Turanci" Faransanci ne.

Mu fara da iyaka. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898 ta ba Ingila duk ƙasar da ke cikin zagayen mil 100 daga Sakkwato, watau kusan kilomita 160. Birnin Ƙonni bai kai kilomita 100 daga Sakkwato ba, ke nan a takarda yana hannun Ingila lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone shi a watan Mayu 1899. Faransawa sun koka cewa hanyar da aka bar musu daga kogin Kwara zuwa Damagaram ba ta da ruwa. Sai yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka ja iyakar kudu, Ƙonni ta faɗo hannun Faransa. Da zagayen 1898 ya tsaya, da yaran Tsarnawa da Ingilishi za su fara boko.

Amma iyakar ta raba makaranta ne, kasuwa da tasha kuwa suka ci gaba da hulɗarsu. Ta bakin direbobi da fatake da masu zuwa cin rani kudu, Ingilishi ya shigo Hausar wannan yanki a ɓoye: mota, direba, birki, taya, giya, sitiyari, kafinta, tela, burodi. Kusa da su ga na Faransanci: lakwal, mushe, jandarma, kamiyo. Asibitin da mishan SIM ya buɗe a Galmi a 1950, da malaman Peace Corps da suka koyar a kwalejojin ƙasar tsakanin 1962 da 2011, sun kawo Ingilishi a fili, sai dai ga ƴan kaɗan. Wannan shi ne rukuni na farko da ɗalibinmu ke da shi. Amfaninsa a jarrabawa ƙalilan ne, domin sunayen kaya ne, kuma lafazinsu ya yi nisa da asali har mai shi ba ya gane "brake" idan ya gan ta a rubuce.

Rukuni na biyu ya fi nauyi, kuma gadon yaƙi ne. A 1066 Wiliyam na Normandi ya ci Ingila, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a har wajen ƙarni uku. Sai a 1362 doka ta mayar da Ingilishi bakin masu ƙara a kotu. Ƙiyasin da masana tarihin harshen suka saba kawowa shi ne kalmomin Faransanci wajen 10,000 suka shiga Ingilishi a wannan zamani, sannan a ƙarni na 16 da na 17 malamai suka ƙara kwaso na Latin da Girkanci. Waɗannan aron su suka zama harshen ilimi, na asali kuma, masu tushen Jamusanci, suka zauna a gida da gona. Shi ya sa "ephemeral", "laconic", "taciturn", "prodigal" da "magnanimous", waɗanda ɗalibin Amurka ke hardacewa da gumi, ba baƙi ba ne ga wanda ya ci bakaloriya a Tawa.

Masu tsara jerin kalmomi ba su yi lissafi da irin wannan ɗalibi ba. Thorndike, a 1921, ya ƙirga yawan aukuwar kalmomi ne don yaran Amurka. Michael West, wanda jerinsa na 1953 mai kalmomi wajen 2,000 ya zama ma'aunin "tsaka-tsaki" na shekaru da yawa, ya sami ƙwarewarsa a Bengal, wurin ɗaliban da ba su bi ta Faransanci ba. Jerin Averil Coxhead na shekarar 2000, mai iyalan kalmomi 570 na rubutun jami'a, an ɗora shi a kan na West, kuma ita da kanta ta nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na kalmominsa daga Latin ko Girkanci suke. Ga ɗalibin Tokyo wannan jeri dutse ne mai wuyar hawa. Ga namu, mafi yawansa gyaran lafazi da rubutu ne kawai: "analyse", "concept", "hypothesis".

To ina ramin yake? Yana wurin tsofaffin kalmomin da Faransanci bai taɓa ba, waɗanda kuma ba su cika aukuwa ba balle littafin aji shida ya kawo su: "belie", "bolster", "thwart", "wane", "shun", "gainsay". Haka kuma ƴan kalmomin da ke juya jimla, irin su "albeit", "lest", "whereas", "notwithstanding". Tarihin jarrabawar kanta ya ƙara musu daraja. An fara GRE a 1936 a jami'o'in Harvard, Yale, Princeton da Columbia, ta koma hannun hukumar ETS bayan kafa ta a 1947. Shekaru da dama tana tambayar kishiyar kalma ita kaɗai, ba jimla, kuma a nan mai Faransanci yana iya cin maki da tushen kalma. Gyaran 2011 ya cire wannan salo, ya bar cike gurbi a jimla da fahimtar nassi. Yanzu wanda bai gane cewa "albeit" ta karya maganar da ta gabata ba zai zaɓi kishiyar amsa, ko da ya san ma'anar duk kalmomin da aka jera masa. Tun Satumba 2023 kuma lokacin jarrabawar bai kai awa biyu ba.

Gadon 1066 ma yana da tarkonsa. "Actually" ba "actuellement" ba ce, "eventually" ba "éventuellement" ba ce. "Deception" yaudara ce, alhali "déception" ɓacin rai ne na wanda bai sami abin da ya sa rai ba. A ganina waɗannan sun fi kalmar da ba a sani ba haɗari, domin ɗalibi ba ya tsayawa ya yi shakka.

Maganar ta wuce GRE, wadda sassa da yawa a Amurka suka daina tilastawa tun wajen 2020. Wanda ya nufi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda ta fi Yamai kusa da Tsarnawa nesa ba kusa ba, da wannan Ingilishin zai karanta littattafansa ya rubuta kundinsa. Kundin tsarin ƙasa na watan Maris 2025 kuwa ya sa Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Aikin da ya kamata sashenmu ya ba ɗaliban mastar shi ne su ɗauki jerin West da na Coxhead, su tace su kashi uku: kalmomin da Faransanci ya bayar kyauta, waɗanda ya bayar da ma'anar ƙarya, da waɗanda bai bayar ba sam. Kashi na biyu da na uku su ne za a yi wa bayani da Hausa, kowace kalma cikin jimlarta, a gwada su a aji na ƙarshe na lise a Ƙonni da Tawa kafin a buga.